Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Me Ya Sa Mutanen Amurka Ke Ƙara Aiki, Suna Ƙara Cin Bashi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, darasinmu na wannan Juma'a ya samo asali ne daga wata hira da aka yi a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i. Wani matashi cikin yaranmu ya ɗago waya yana lissafi. Ya ce ya ji a Amurka mai wanke kwanuka ma yana samun dala 15 a awa guda. Ya buga ta a kan naira 1,500, ta ba shi naira 22,500. Ya ce, "Baba, awa ɗaya fa! Ni sai in wuni ina tura baro ban ga rabin wannan ba." Wani dattijo da ke gefe ya ce da shi, "To ka tambaya nawa ne kuɗin ɗaki a can?" Yaro ya yi shiru.

Tambayar dattijon nan ita za mu bi yau. Amurka ita ce ƙasa mafi girman tattalin arziki a duniya. Amma miliyoyin mutanenta suna aiki fiye da takwarorinsu na Turai, kuma suna cikin bashi har wuya. Me ya jawo haka? Ba don mu yi wa kowa dariya muka ɗauko zancen ba. Talakan Amurka bawan Allah ne mai neman abin da zai ci da iyalinsa kamar mu. Gani ga wane dai ya isa wane tsoron Allah.

Albashi ya tsaya cik

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato daga 1945 zuwa farkon shekarun 1970, ma'aikacin Amurka ya ji daɗi. Mutum da takardar sakandare kaɗai zai shiga masana'antar mota a birnin Detroit ko ta ƙarfe a Pittsburgh, albashinsa shi kaɗai ya riƙe gida, ya sayi mota, ya sa yara makaranta. Idan kamfani ya ƙara samu, albashi ma ya ƙaru. A shekarun 1950 kusan ɗaya cikin uku na ma'aikata suna cikin ƙungiyar ƙwadago, saboda haka suna da bakin magana idan an zo yanke albashi.

Daga shekarun 1970 sai abu ya sauya. Abin da ma'aikaci ke samar wa kamfani a awa guda ya ci gaba da hauhawa, amma albashin ƙaramin ma'aikaci ya koma tafiyar hawainiya, idan aka cire tsadar kaya. Bambancin ya tafi wajen masu hannun jari da manyan shugabannin kamfanoni. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi rauni, yau kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke cikinsu. Masana'antu kuma suka yi ta rufewa, wasu suka koma Meziko, wasu Chaina, wasu ayyukan inji ya karɓe. A 1979 mutum sama da miliyan 19 ke aikin masana'anta. Zuwa 2010 sun koma ƙasa da miliyan 12. Waɗanda suka rasa irin wannan aiki da yawansu sun koma aikin kanti, gidan abinci, gadi da tuƙi, inda albashi bai kai na da ba.

Ga misali ɗaya da zai nuna mana abin a fili. Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma tun watan Yulin 2009 ba a ƙara ko sisi ba. Jihohi da yawa sun ɗaga nasu, amma kusan jihohi 20 suna nan a kan wannan adadi. Wanda ya yi awa 40 kowane mako, shekara cur babu hutu, abin da zai tashi da shi dala 15,080 ne, kafin a cire haraji.

Abubuwa huɗu da ba a iya gudunsu

Wani zai ce, ai kaya suna da araha a can. E, tufafi da talabijin da waya sun yi sauƙi. Abin da ya yi tsada shi ne abin da mutum ba zai iya cewa ya fasa ba.

Na farko, muhalli. Matsakaicin farashin gida a Amurka ya haura dala 400,000. Mafi yawan masu gida da bashin banki suka saya, wanda ake biya wata-wata har shekara 30. Masu haya kuwa, kusan rabinsu suna kashe fiye da kashi 30 cikin ɗari na abin da suke samu a kan kuɗin haya kaɗai. Mu nan mun san zafin haya a Kudu. A can duk wata ake biya, wanda ya gaza kuwa kotu ce za ta fitar da shi.

Na biyu, lafiya. Amurka ba ta da tsarin asibitin gwamnati na kowa da kowa irin na Ingila. Mafi yawan masu aiki ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. A 2023 inshorar iyali guda ta kai kusan dala 24,000 a shekara. Kamfani ya biya kaso mafi tsoka, a cire wa ma'aikaci sama da dala 6,000 daga albashinsa. Duk da haka idan ya je asibiti akwai abin da zai biya daga aljihu kafin inshora ta ɗauka. Kun ga ke nan mutum ko ya gaji da aiki yana tsoron bari, domin barin aikin yana iya zama barin maganin 'ya'yansa.

Na uku, ilimi. Da ayyukan masana'anta suka ragu, sai ya zama aiki mai kyau yana bukatar digiri, kuɗin jami'a kuma ya yi ta tashi. Matasa suka shiga cin bashi don karatu. Yau mutum sama da miliyan 40 ake bi bashin karatu, jimillarsa ta kai kusan dala tiriliyan 1.7. Yaro zai gama jami'a yana ɗan shekara 22 da bashi a wuyansa tun bai karɓi albashin farko ba. Kuma irin wannan bashi yana da wuyar yafewa ko da kotu ta tabbatar mutum ya karye.

Na huɗu, mota da raino. In ka cire manyan birane kaɗan irin su New York, mafi yawan garuruwan Amurka an gina su ne don mai mota. Babu ɗan acaba a bakin layi, babu a-daidaita-sahu. Wanda ba shi da mota da ƙyar zai riƙe aiki, motar kuma yawanci da bashi ake sayenta, ga inshora, ga mai, ga gyara. Idan miji da mata duk suna fita aiki, dole a kai yara gidan raino a biya, domin kaka tana wata jiha mai nisa, maƙwabci kuma shi ma ya fita nema.

Hanyoyi uku da suka bi

To, albashi ya tsaya, dole ta ƙaru. Yaya aka yi suka cike giɓin? Robert Reich, wanda ya riƙe ma'aikatar ƙwadago a zamanin Shugaba Clinton daga 1993 zuwa 1997, ya kasa amsar gida uku.

Hanya ta farko, mata suka fita aiki. A 1950 kusan ɗaya cikin uku na matan Amurka ke aikin albashi. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 sun kai kusan shida cikin goma. Wasu don sha'awa da ilimi suka fita, wasu don albashin miji ya daina isa. Elizabeth Warren, wadda daga baya ta zama sanata daga jihar Massachusetts, ta rubuta littafi tare da 'yarta a 2003 a kan wannan. Abin da suka nuna shi ne, da iyalai suka koma masu albashi biyu, sai suka shiga gasar sayen gidaje a unguwannin da ke da makarantu masu kyau, farashi ya tashi, har albashi biyun suka zama dole. A da idan miji ya kwanta ciwo ko aka sallame shi, matar tana iya fita ta nemo. Yanzu kowa yana fagen, babu wanda aka ajiye don ranar wuya. Ɗaya ya faɗi, gidan ya girgiza.

Hanya ta biyu, ƙarin awoyi. A matsakaici ma'aikacin Amurka yana yin awa kusan 1,800 a shekara, na Jamus kuwa kusan 1,350. Bambancin ya fi mako goma na aiki. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba kowane ma'aikaci hutun aƙalla mako huɗu a shekara da albashinsa. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ya ba da hutu mai albashi ko na kwana ɗaya. Dokar 1993 ta ba mai jego ko mai jinya damar hutun mako 12, amma babu biya, kuma ba kowane ma'aikaci ta shafa ba. Mutum wajen miliyan 8 kuma suna haɗa aiki biyu ko fiye. A tashi daga kanti da yamma, a ɗauki mota a yi Uber har tsakar dare.

Amma awa 24 ce a yini, ba ta ƙaruwa. Da awoyi suka ƙare, sai aka koma hanya ta uku, wato bashi.

Yadda aka sauƙaƙa cin bashi

A nan sai mu yi hattara da kalma. A Hausa muna cewa riba ga abin da ɗan kasuwa ya samu a kan hajarsa, wannan halal ce. Ribar da shari'a ta haramta ita ce kuɗin ruwa, wato ƙarin da ake ɗora wa bashi saboda lokaci. Ita muke nufi duk inda muka ce ruwa.

A 1958 wani banki a jihar Kalifoniya ya aika wa dubban mutanen garin Fresno katin cin bashi har gida, ba tare da sun nema ba. Wannan kati shi ne ya zama Visa daga baya. A lokacin jihohi da yawa suna da dokar da ta ƙayyade yawan ruwan da za a ɗora wa mutum. Sai a 1978 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa banki zai iya bin dokar jihar da yake zaune, ko da mai cin bashin yana wata jiha. Bayan 'yan shekaru kaɗan manyan bankuna suka kwashe ofisoshin katinsu zuwa jihohin da suka cire iyaka, irin su Dakota ta Kudu da Delaware. Tun daga nan ƙofa ta buɗe.

A 2023 bashin kati kaɗai ya haura dala tiriliyan 1, ruwan da ake ɗorawa kuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari a shekara. Idan aka haɗa da na gida da na mota da na karatu, abin da ake bin iyalan Amurka ya wuce dala tiriliyan 17.

Mu 'yan kasuwa ne, bari mu buga lissafi. A ce ana bin mutum dala 5,000 a kati, ruwa kashi 20. Ruwan shekara dala 1,000 ke nan. Idan yana samun dala 20 a awa, sai ya yi awa 50, fiye da mako guda na aiki, don ruwan kawai, uwar kuɗin tana nan ko gezau. Kun ga yadda bashi da ƙarin aiki suke haifar juna. An ci bashi don albashi bai isa ba, yanzu kuma sai an ƙara awoyi don a biya ruwan bashin.

Wanda banki ya ƙi kuwa, akwai shagunan bashin kafin albashi. A ba ka dala 100 na mako biyu, ka dawo da 115. Kamar ba yawa, ko? A lissafin shekara ya kai kashi 390 cikin ɗari. Mutum ya ci 300, ranar biya ba shi da ita, sai ya ba da 45 a ɗaga masa. Ya yi haka sau bakwai, ya biya 315, kuma har yanzu ana binsa 300.

Akwai kuma abin da suke kira makin bashi, daga 300 zuwa 850. Kamfanoni ne ke tara tarihin yadda kake ci da biya, su ba ka maki. Banki zai duba kafin ya ba ka rance, mai gidan haya ma sau da yawa zai duba. Wanda bai taɓa cin bashi ba, ba shi da tarihi, sai a riƙa ɗari-ɗari da shi. Wato tsarin da kansa yana tura mutum ya fara ci.

Babban Bankin Amurka yana yin bincike duk shekara, yana tambayar mutane: idan larurar dala 400 ta taso ba zato, za ka iya biya daga abin da ke hannunka? A 'yan shekarun nan fiye da ɗaya cikin uku ba sa iyawa sai sun ci bashi ko sun sayar da wani abu, wasu ma ba su da hanyar ko kaɗan.

Ranar da igiya ta tsinke

A farkon shekarun 2000 farashin gidaje ya yi ta hawa. Mutane suka riƙa jinginar da gidajensu suna karɓar sabon bashi don biyan tsoho, ko kuɗin makaranta, ko asibiti. Masu ba da rance suka riƙa ba har wanda suka san da ƙyar zai biya, da ruwa kaɗan a farko wanda zai yi tsalle bayan shekara biyu ko uku. Da farashi ya fara faɗuwa daga 2006, sai mutane suka ga bashin ya fi gidan daraja. A watan Satumban 2008 babban bankin nan Lehman Brothers ya durƙushe, rikicin ya watsu duniya. Zuwa Oktoban 2009 mutum ɗaya cikin goma na masu aiki da masu neman aiki ba shi da aiki, kuma miliyoyin iyalai aka ƙwace musu gidaje. Gwamnati ta zuba ɗaruruwan biliyoyin daloli don ceto bankuna. Mai ƙaramin gida kuwa da yawa sun kwashe kayansu.

Abin da ya shafe mu

Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abubuwa biyar da muke so kowa ya tafi da su gida.

Ɗaya. Ga matasanmu masu mafarkin fita: tafiya neman halal ba laifi ba ce, mu kanmu ai tafiyar ce ta kawo mu nan. Akwai waɗanda suka je suka yi ilimi suka yi arziki. Amma kada ka canja albashin can zuwa naira sai ka canja haya da inshora da haraji da mota su ma. Abin da ya saura bayan an cire dole, shi ne samunka. Kuma kada a sayar da gonar gado ko shanun gida a miƙa wa wanda ya ce zai yi maka biza.

Biyu. Ga masu ɗan uwa a waje: mu rage matsa masa. Dala 100 da ya turo, mai yiwuwa barcinsa ya sayar ya samo ta, mai yiwuwa ma a kati ya ciro da ruwa don kada a ce ya manta gida. Mu tambayi lafiyarsa kafin mu tambayi saƙo.

Uku. Irin wancan tarko ya iso cikin wayoyinmu. Manhajojin ba da rance suna tura saƙo, cikin minti biyar kuɗi sun shigo. Mako ɗaya ko biyu sai ruwa ya hau, in ka yi jinkiri su bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka. Mun ga hakan a unguwar nan, ba sau ɗaya ba. Wannan da shagon bashin kafin albashi na Amurka duk kanwar ja ce.

Huɗu. Bashi a kan kansa halal ne. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya ci bashi ya biya, har ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Amma ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi a cikin sallarsa, kuma ya taɓa dakatawa daga sallatar gawar wanda ake bi har sai da sahabi Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. A ƙarshen Suratul Baƙara Allah ya haramta kuɗin ruwa, ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, sannan aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mu da kasuwancinmu na shanu da goro da hatsi da gwari yake tafiya a kan bashi da amanar maigida, mu ne muka fi kowa bukatar aiki da ita. A rubuta, ko da tsakanin wa da ƙane ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a ci don jari ko larura, kada a ci don biki da sabuwar waya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Biyar. Abin da ya fi cutar da talakan Amurka shi ne ranar da ya faɗi babu mai tare shi sai mai ba da bashi da ruwa. Mu Allah ya bar mana adashi, da zakka, da zumunci, da rancen da ba ruwa a cikinsa. Iyayenmu mata sun fi mu riƙo da adashi, Allah ya saka musu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, abubuwan nan sun fara rauni a cikinmu, kuma abin da ke kashe su shi ne mutum ya ci ya ƙi biya alhali yana da hali. Duk wanda ya yi haka ya rufe ƙofa ga mabukaci na bayansa, ya tura shi hannun masu ruwa.

Saboda haka muna roƙon kowane magidanci ya zauna a daren yau da takarda da biro. Ya rubuta abin da ke shigowa a wata, da abin da ke fita na dole, da wanda yake bi, da wanda ke binsa. Ya nuna wa iyalinsa inda takardar take, domin babu wanda ya san ranar tafiya. Wanda kuma ya riga ya faɗa bashin ruwa, kada kunya ta sa ya ci wani don biyan wancan. Ya samu Liman ko ɗaya daga cikin dattawan kwamiti a keɓe, a duba yadda za a yi. Za a rufa masa asiri, in sha Allahu.

Allah ya biya wa duk wanda ake bi, a nan da can. Ya wadatar da mu da halal, ya tsare mu daga haram, ya sa albarka a cikin kasuwancinmu da iyalanmu. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum warahmatullah.

Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti